Wuƙar Akwati Daban, Wuƙar Ƙugu Daban

Duk wanda na buɗe wa akwatin nan, tambaya ɗaya yake fara yi mini: "To duk waɗannan wuƙaƙen, me za ka yanka da su?" Wasu cikin raha suke tambaya, wasu kuwa sai na ga sun ɗan ja da baya. Ban taɓa jin haushi ba, domin mai tambayar yana da hujja. Mutum ya kwana da labarin yaron da aka daɓa wa wuƙa a hanyar makaranta, gari ya waye ya tarar da wani ya jera wuƙa talatin a kan ƙyalle yana shafa musu mai, dole zuciyarsa ta haɗa biyun. Ni kuma so nake a raba su. Na lura masu yin doka a ƙasashe da dama sun fara yi wa mai ajiyar tsohuwar wuƙa da mai yawo da ita a ƙugu kuɗin goro, kuma duk sanda aka yi haka, abin da ke salwanta ba ya dawowa.

A watan Disamba na 1945, watanni kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, ana cikin tattara makaman da ke hannun jama'a bisa umarnin sojojin ƙawance da suka mamaye ƙasar, har da takubba. Tokugawa Iemasa, magajin gidan da ya mulki ƙasar fiye da shekara 250, ya bi umarni, ya kai takubban gidansu ofishin 'yan sanda na Mejiro a birnin Tokyo. A cikinsu akwai wanda ake kira Honjo Masamune, ƙirar Masamune, maƙerin da ya rayu wajen shekara 700 da suka wuce, wanda mutanen ƙasar ke cewa ba a yi kamarsa ba. Takobin ya daɗe yana wucewa daga hannun shugaba zuwa na magajinsa, kuma a 1939 gwamnati ta sanya shi cikin dukiyar ƙasa. A farkon 1946 aka miƙa shi ga wani da aka ce daga rundunar mamaya yake. Har yau ba a sake ganinsa ba. Takubba masu ɗimbin yawa narkar da su aka yi, wasu aka zuba a teku, wasu kuma sojoji suka tafi da su gida tsaraba.

Wanda ya yi biyayya shi ya yi asara, wannan ne abin da ke ci mini rai a labarin. Sai da masana takubba na ƙasar suka yi ta kai gwauro suna kai mari kafin hukumomin mamaya su yarda cewa wasu takubban aikin fasaha ne da ya kamata a bar wa masu su. Tsarin da ya biyo baya yana nan har yanzu. Mai tsohon takobi zai kai shi gaban hukumar ilimi ta jiharsa, masana su duba, a ba shi takardar rajista wadda ke bin takobin duk hannun da ya koma. A lura, hukumar ilimi ce ke rajistar. A wannan ƙasar dai, doka ta hana yawo da wuƙar da ruwanta ya wuce santimita 6 ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Sun tsananta a kan titi, sun sassauta a cikin gida bisa sharaɗi, kuma Japan na cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya.

Sai dai ita ma Japan ɗin ta sake tuntuɓe, wannan karon da wuƙar talaka. Akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ake ƙerawa a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, ana ce mata higonokami. Ba ta da makulli, ɗan ƙarfe ne ya fito a bayan ruwan, mutum ya danne shi da babban yatsa. Da ita 'yan makaranta ke fiƙe fensir, da ita suke sassaƙa abin wasa. A watan Oktoba na 1960 wani matashi ɗan shekara 17 ya hau dandamali ya soke shugaban jam'iyyar gurguzu mai sassaucin ra'ayi, Asanuma Inejiro, da gajeren takobi. Hankalin jama'a ya tashi, aka shiga gangamin raba yara da wuƙa. Takobi ya yi kisa, wuƙar fiƙe fensir ta biya bashin. Maƙeranta suka yi ta rufe maƙera, har ya zama gida ɗaya ne ya rage mai ikon buga sunan a jikinta.

Mutumin da bai taɓa riƙe tsohuwar wuƙa da niyyar dubawa ba zai ce ai ƙarfe ne da itace. Ni idan na ɗauki ɗaya, gindin ruwan nake fara dubawa, wurin da maƙeri ke buga hatiminsa, domin nan ne takardar haihuwarta. Wuƙar Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie a 1890, tana ɗauke da hoton hannu da kambi tun 1909. Zoben ƙarfen da ake murɗawa ya kulle ruwan kuwa sai a 1955 aka ƙara shi. Kamfanin Case na Amurka ya buga ɗigo goma a gindin wuƙaƙensa a 1970, kowace shekara yana cire ɗaya, saboda haka a wannan jerin mai ɗigo bakwai 'yar 1973 ce, ba sai an tambayi kowa ba. Kalar ƙarfen ma tana magana. Kafin Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a garin Sheffield na Ingila a 1913, kowace wuƙa tana yin duhu da amfani, tana ɗaukar launin abin da ta yanka. Wannan duhun, da ramin da yatsa ya yi a mariƙi, da yadda washi ya cinye cikin ruwan har ya siranta, su ne ke gaya maka mai ita bahago ne ko badame, mai haƙuri ne wajen washi ko mai gaggawa.

Sheffield ɗin nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin ta samu amincewar majalisa tun 1624, kuma a ƙarni na 19 babu kusurwar duniya da wuƙar garin ba ta kai ba. Gidan Joseph Rodgers ya ƙera wata mai ruwa 75 domin babban baje kolin Landan na 1851, kowa ya san wannan, hotonta na cikin littattafai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wa suka yi aikin. Yawancinsa ƙananan masu sana'a ne da ke hayar ɗaki ko gefen injin, wani ya ƙera ruwa, wani ya wasa, wani ya sa mariƙi. Masu washin su suka fi shan wuya. Suna duƙe a kan dutse mai juyawa yini guda, ƙurar dutse da ta ƙarfe na shiga huhunsu, da yawansu ba su ga furfura ba. Ba su bar littafi ba, ba a yi musu gunki a dandali ba. Abin da suka bari shi ne wuƙar da ke tafin hannuna, wadda bayan shekara ɗari da wani abu har yanzu take rufuwa da ƙara ɗaya tsaf, ba girgiɗi. Idan aka jefa ta a tukunyar narka ƙarfe, sa hannun mutumin nan aka goge.

Haka abin yake ga sauran kayan daji, da na kamun kifi, da na hawan dutse, waɗanda yawancin masu tara wuƙa ke tarawa tare. Ina da wani tsohon rishon Primus na tagulla, irin wanda aka fara yi a Suwidin a 1892. Dabararsa mai sauƙi ce: a zuba kananzir, a ɗumama kan da ɗan sifirit, a buga famfo, iska ta tura man sama ya zama tururi kafin ya kama, sai ya ba da shuɗiyar wuta mai ruri ba baƙin hayaƙi. Irinsa Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norway, ya ɗauka zuwa ƙarshen kudancin duniya a 1911, kuma a wurin da babu itace, babu ruwa sai ƙanƙara, risho shi ne tsakanin mutum da mutuwa. Nawa da na same shi ba ya aiki. 'Yar fatar da ke cikin famfon ce ta bushe. Na yanka wata, na jiƙa ta da mai, na mayar, na tsokane hancin da siririyar waya, ya tashi kamar jiya aka ƙera shi. Wanda ya zana shi ya yi shi ne da tunanin cewa zai lalace a inda babu shago, kuma mai shi ne zai gyara da abin da ke aljihunsa. Wannan tunanin ya yi ƙaranci a kayan yau, kuma ba a koyonsa a hoto, sai an kwance an ɗaura.

Sandar fatsa ta gora ma haka. Ana tsaga gorar da ake kawowa daga kudancin Sin, a fere ta silli shida, kowanne mai kusurwa uku, yana sirancewa zuwa baki, a manne su su zama sanda ɗaya mai gefe shida. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata lanƙwasarta. A Finlan kuma, a 1936, wani masunci mai suna Lauri Rapala ya lura cewa babban kifi ya fi kai wa ƙaramin da ke iyo a karkace hari. Ya ɗauki wuƙar dukanci ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Daga hannun talaka mai wuƙa ɗaya aka samu abin da masunta ke jefawa a ruwa a duk duniya.

Wani zai ce duk wannan sha'awa ce kawai ta masu lokaci. To ga inda tsohon kaya ya gyara wa masana kuskure. George Mallory, wani mai hawan dutse ɗan Birtaniya, ya ɓace a kan Dutsen Everest a 1924. Shekara da shekaru ana cewa shi da abokan tafiyarsa da kayan da ba su dace ba suka hau, wai sanyi kaɗai ya isa ya gama da su. A 1999 aka gano gawarsa, da wuƙar aljihunsa, da ashana, da na'urar auna tsayi, da ragowar tufafinsa. Masu bincike suka bi zaren ɗaya bayan ɗaya, suka sake saƙa irinsu: siliki, ulu, auduga mai matsattsiyar saƙa, hawa-hawa. Aka gwada su a kan dutsen a 2006, sai ga shi suna riƙe ɗumi, ba sa takura motsi, kuma sun fi kayan zamani rashin nauyi. Da a ce tsummokaran nan ba su tsira ba, da har yau muna raina mutanen. Can baya kuma, mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, yana ɗauke da 'yar wuƙar dutsen ƙyastu mai mariƙin itace, da kubenta na saƙar ɓawo, da abin gyara mata kaifi. Da gani ta aiki ce, an wasa ta har ta kusa ƙarewa. Kibiya ce ta kashe shi.

Amsar da aka fi ba ni ita ce: a kai gidan tarihi mana. Ina ƙaunar gidajen tarihi, amma na san iyakarsu. Wurinsu kaɗan ne, kuɗinsu kaɗan ne, kuma abin da suke ajiyewa a ɗakin ajiya ya ninka abin da ke gaban gilashi. Za su karɓi wuƙar sarki, za su karɓi mai ruwa 75. Wuƙar makiyayi, da ta matuƙin jirgin ruwa, da ta mai aikin lambu, waɗanda aka ƙera dubbai aka yi amfani da su har suka ƙare, wa zai karɓa? Irin waɗannan su suka fi saurin ɓacewa, saboda ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Masu tarawa ne ke tsinto su a gwanjo da kwandon tarkace, su ne suka zauna suka jera hatimai shekara bayan shekara har aka san wanne ya riga wanne. Sau da yawa ma'aikacin gidan tarihi idan ya rasa gane wata wuƙa, littafin da wani mai tarawa ya kwashe rabin rayuwarsa yana haɗawa yake buɗewa.

Yanzu maganar doka, kuma ba zan yi kwana-kwana ba: ina goyon bayan a tsananta a kan yawo da wuƙa. A Ingila, dokar 1988 ta hana fita da wuƙa bainar jama'a ba tare da dalili ba, sai 'yar mai naɗewa da ruwanta bai wuce inci 3 ba, kuma kotuna sun ce mai makulli ba ta cikin wannan rangwamen. Wato Opinel mai zobe, wadda aka sa wa zoben don kada ta rufe a kan yatsa, sai da hujja za ka fita da ita. Akwai masu tarawa da ke ƙorafi a kan wannan. Ni ban yi ba. Wanda zai je kamun kifi yana da dalilinsa, kuma ɗan sanda zai gani. Wanda zai je kallon ƙwallo ko gidan rawa ba shi da abin yi da wuƙa, ko ta kakan kakansa ce. Bayan harin da aka kai da wuƙa a wani bikin gari a Solingen ta Jamus a watan Agusta na 2024, inda mutum uku suka rasu, Jamus ta hana shiga bukukuwa da tarukan jama'a da wuƙa. Solingen gari ne da duniya ta san shi da ƙirar wuƙa tun ɗaruruwan shekaru, kuma ban ga abin da wannan hanin ya rage wa maƙeransa ko masu tara aikinsu ba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 an hana shiga jirgin sama da wuƙar aljihu, cinikin wuƙar sojan Suwizalan ya faɗi ƙasa warwas, har kamfanin Victorinox mai ƙera ta ya sayi abokin hamayyarsa Wenger a 2005. An yi asara, amma asara ce da ake iya fahimtar dalilinta.

Inda nake ja shi ne idan doka ta bar titi ta shiga akwati, tana hukunta siffar abu ba tare da duba hannun da ke riƙe da shi ba. A 1958 Amurka ta haramta safarar wuƙa mai maɓalli tsakanin jihohi, wato wadda ruwanta ke fitowa da kansa idan an danna, bayan jaridu da finafinai sun cika jama'a da tsoron 'yan daba masu irinta. Ingila ta bi sahu a 1959. Amma dokar Amurkan da kanta ta keɓe sojoji da mai hannu ɗaya, wanda hakan ke nuna masu rubuta ta sun san kayan aiki ce ga wanda ɗayan hannunsa ke riƙe da igiya ko babu shi gaba ɗaya. 'Yan daba ba su tuba ba, wata wuƙar suka ɗauka. Daga baya jihohi da dama sun soke nasu hanin. A 2019 kuma Ingila ta faɗaɗa dokarta ta yadda mallakar wasu nau'o'i ko a cikin gida ya zama laifi, aka buɗe ƙofar miƙa su ga 'yan sanda a karɓi diyya.

Alhali alƙaluman Ingila da Wales sun sha nuna cewa wuƙar da aka fi kashe mutane da ita ita ce wuƙar girki. Tana kowane gida, ba ta da tsada, ba a neman ta a gwanjo. Yaron da tsoro ko fushi ya sa ya fita da makami ba ya zuwa neman ƙirar Sheffield ta 1880, madafa yake shiga. Abin da ya fi tasiri a inda aka gwada shi ma ba hanin wani nau'in ƙarfe ba ne. A 2005, lokacin da birnin Glasgow na Sikotilan ya yi ƙaurin suna wajen sara da suka, 'yan sandan yankin sun kafa sashen rage tashin hankali wanda ya ɗauki matsalar kamar annoba: aka haɗa likitoci, malaman makaranta, iyaye mata da tubabbun 'yan daba, aka nema wa matasa aiki, aka kuma ƙara tsananta hukuncin yawo da wuƙa. Cikin shekara goma kisan kai a Sikotilan ya ragu ƙwarai. Wannan aiki ne mai wuya, mai cin kuɗi da lokaci. Jera wuƙaƙe a kan tebur a ɗauki hoto ya fi sauƙi, shi ya sa 'yan siyasa suka fi son sa.

Kuma ana iya bambancewa idan an so, Ingilar ma ta nuna haka. Da ta hana lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 zuwa sama a 2008, saboda na bogi masu arha da ake sara da su, ta keɓe waɗanda aka ƙera kafin 1954 da waɗanda aka yi da hannu bisa tsohuwar hanya. Ga yawancin makaman da ke jerin haramci kuma, wanda ya haura shekara 100 ba ya ciki. Abin da nake nema bai wuce a bi wannan hanyar a ko'ina ba. A yi rajista ga abin da ke da haɗari, a wajabta kulle shi, a ɗaure wanda ya sayar wa yaro. Sannan duk lokacin da hukuma ta tara wuƙaƙen da aka miƙa, kafin a kai su narkawa a kira wani masani ya duba, abin da ke da tarihi a ware shi. Yini guda ne na mutum ɗaya. Da an yi haka a Mejiro, da labarin ya bambanta.

Mu masu tarawa kuma, idan muna son a saurare mu, sai mun share ƙofar gidanmu. Lokacin da Ingila ta haramta manyan wuƙaƙen nan masu haƙora da ramuka da ake tallatawa da sunan kashe aljanu a watan Satumba na 2024, na ji wasu a cikinmu na cewa an taɓa 'yancinsu. Ban ga abin karewa a nan ba. Ba sa fere itace, ba sa gyara kifi, ba su gaji wata sana'a ba. An yi su ne don su ba da tsoro, kuma yara ake nufi da tallarsu. Duk mai tarawa da ya tsaya musu ya ba masu son yi mana kuɗin goro hujja a hannu. Haka wanda ke sayarwa ta intanet, ya aika wa duk wanda ya biya ba tare da tabbatar da shekarunsa ba. An rasa rayukan yara ta wannan ƙofar. Wanda ya yi haka ba ɗan uwana ba ne a wannan sha'awa, komai kyan abin da ke akwatinsa.

Akwai kuma hauren giwa. Tsofaffin wuƙaƙe masu tsada da yawa da shi aka yi musu mariƙi. Tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma dokar Ingila da ta fara aiki a 2022 ta rufe kusan duk cinikinsa a cikin gida, sai 'yan keɓantattu, kamar abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba. Wannan ya karya darajar wuƙaƙe da dama a kasuwa, kuma na yarda da shi, domin muddin ana sayen tsoho, za a rina sabo a ce tsoho ne. Wanda ya gāji irinta ya riƙe ta, ya rubuta tarihinta. Ba komai ne na sayarwa ba.

Tsohon kaya ma yana da nasa haɗarin da ba kaifi ba. Kamfas na zamanin yaƙe-yaƙen duniya da yawa an shafa musu fenti mai radiyam don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuni, radiyam ɗin kuwa yana nan, sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, saboda haka ba a buɗe su, ba a kankare su, ba a ba yaro ya yi wasa da su. Mariƙin seluloyid, robar nan ta farko-farko mai kyan launi, idan ya fara ruɓewa yana fitar da tururi mai cin ƙarfe, wuƙa ɗaya sai ta sa wa duk maƙwabtanta tsatsa. Tsohuwar igiyar hawan dutse kuwa ta bango ce, ba a ɗora mata rai.

Laifin da ya fi yawa a cikinmu, wanda ni ma na aikata, shi ne gyaran da ya wuce kima. Wuƙa ta biyu da na taɓa saya mai mariƙin ƙaho ce, ruwa biyu, ta yi baƙi ƙirin. Ina ɗokin in ga tana walƙiya, na sa mata samfefa. Ta yi walƙiyar. Da na ɗaga ta a haske sai na ga rabin hatimin ya tafi, saura haruffa uku da ƙafar wani tambari da ban san ko tauraro ne ko kambi ba. Garin neman gira na rasa ido. Shekara nawa ke nan ina nuna wa waɗanda suka fi ni sani, kowa ya juya ta ya girgiza kai. Ta tsallake hannu nawa da sunan maƙerinta a jiki, sai a hannuna, ni mai cewa ina son ta, ta rasa shi. Tun daga ranar, jan tsatsa mai ci kaɗai nake cirewa, da mai da ƙyalle, baƙin kuwa na bar kaza cikin gashinta.

Ita ce ta sa na fara ɗaura wa kowane abu 'yar takarda da zare: mene ne, wa ya ƙera, wajen wace shekara, daga hannun wa na samu, me na taɓa a jikinsa. Na kuma yi littafi guda da ke cikin akwatin, mai shafi na farko da ke gaya wa duk wanda zai buɗe bayan raina waɗanne ne doka ta sa wa sharaɗi, wanne ne kamfas ɗin da ba a buɗewa, da waɗanda ya kamata a nuna wa gidan tarihi kafin a yanke shawara. Na ga tarin shekara arba'in na wani dattijo ya watse cikin mako guda saboda iyalinsa sun ji tsoron abin da ba su sani ba, suka kwashe duka suka miƙa a lalata. Ban ga laifinsu ba, ba wanda ya bar musu bayani.

Takardar mai mariƙin ƙahon ita ce mafi gajarta a akwatin. Na rubuta haruffa ukun da suka rage, na zana ƙafar tambarin yadda take, a ƙasa na sa ranar da na goge sauran.